Moɗa Ɗaya Daga Ƙasan Ƙyalle

Hannuna ne ya fara sani, tun kafin ido ya ga komai. Shekara ashirin da shida ina ɗaga ƙyallen tata kowace safiya, na san nauyinsa kamar yadda na san nauyin tukunyar shinkafarmu. A watan biyar na bana sai na ji ya fara sauƙi. Ba wani sauƙi mai yawa ba, amma kafaɗata ta daina ƙorafi, ni kuwa kafaɗar nan tawa ba ta yin shiru a banza.

Gansakuka muke nomawa, ni da ƙanena Khiem, a gefen garinmu Tuy Phong inda rijiyoyi ke ba da ruwan kanwa. Ba irin ta bakin kwata ba, kar ma wani ya fara yatsine fuska. Ta ci ce, ana busar da ita a niƙa, masu sayen buhu su rubuta mata sifirulina. Mu murɗaɗɗiya muke ce mata, domin in ka sa ɗigo ɗaya a madubin likita za ka ga kowane zare nata a murɗe yake kamar sifirin ɗin biro. Wannan murɗewar ita ce abincinmu. Da ita zarurrukan ke sarƙe juna su zauna a kan ƙyalle, ruwa ya wuce ƙasa, mu mayar da shi kwami saboda kanwar da ke ciki.

Kwamaye huɗu Baba ya bar mana, dogaye, kowanne da fankar filafilai mai tura ruwa yana zagaye ba hutu. Ya kuma bar mana uwa. Uwa ƙatuwar kwalba ce ta gilashi, tana kan tebur gefen hotonsa inda muke kunna turaren tsinke, rana na samun ta ta taga. Irin da ya fara da shi ne a ciki, tun Khiem yana rarrafe. Dokarta biyu ce rak. A girgiza ta da hannu kowace safiya, kuma kada wani ruwa ya shiga cikinta sai wanda aka tafasa ya huce aka zuba masa kanwa. Da Baba ya ga jiki ya ƙi, ni ya kira. Ya ce, "Diu, ƙanenki garaje gare shi. Ke ce mai kwalba." Ban ɓoye ba, shekara tara ina yi wa Khiem gori da maganar nan, in ya ce tak in tuna masa.

Abin da ya ɗaure min kai shi ne, kwamayen ba su taɓa yin kyau irin na bana ba. Kore shar, har wani duhu-duhu suke yi. Maƙwabta in sun wuce a babur sai sun rage gudu. Khiem kuwa baki har kunne, yana tafiya yana taka ƙasa da ƙarfi.

"Yaya, kin ga aikin famfona?" Wani injin tura ruwa ya sayo bayan bikin sabuwar shekara, mai janyo ruwan kwami ya feso shi kan ƙyalle. Da can da bokiti muke zubawa a hankali, aikin awa uku. Yanzu kafin gahawa ta huce an gama.

Na ce, "Na ga aikinsa. To ina gansakukar?"

"Ga ta nan kina gani, ko idon ne ya fara?"

"A kwami nake ganin ta, sarkin wayo. A kwami za ka sayar?"

Ya yi tsaki ya wuce. Ni kuma na durƙusa na tara tafin hannu a ƙasan ƙyalle. Ruwan da ke sauka nan kullum garau yake. Ranar sai na ga ya ɗan yi kore, kaɗan dai, kamar an wanke ganye a ciki. Bayan mako biyu kuwa ko makaho ya taɓa zai ji santsinsa. Abin da muke kwashewa ya koma rabi, kwamayen kuma sai ƙara kyau suke yi. Tsoro ya kama ni, irin wanda ba ka san sunansa ba balle ka faɗa wa wani.

Malam Luan muka kira. Tsohon malamin kimiyya ne na sakandare, ya yi ritaya, kullum da la'asar yana gidanmu yana shan gahawa mai ƙanƙara yana cutar Khiem a dara. Shi ya koya wa Baba duba madubi. Ya zo yana jan ƙafarsa mai ciwo, ya ɗebi ɗigo daga kwami na biyu, ya sa ido. Mutumin da bakinsa ba ya hutawa, sai ga shi shiru har na ƙosa.

"Malam, ka yi barci ne?"

"Zo ki gani da kanki, Diu."

Na duba. Murɗaɗɗun suna nan, amma tsilli-tsilli. Sauran duk a miƙe suke sambal, dogaye, sirara, kamar an zubar da tsinkayen tsintsiya. Na taɓa ganin miƙaƙƙe ɗaya ko biyu a tsawon shekaru, Baba yakan ce ragwaye ne, ba a kula su. Ban taɓa ganin sun yi gari guda ba.

Khiem ya ce, "Wata irin ce ta shigo mana? Iska ta kawo?"

Malam ya ce, "Taku ce. Cikin dubu sai ɗaya ta warware haka kawai, 'ya'yanta ma su fito a miƙe. Kuma sun fi saurin haihuwa, shi ya sa kuka ga kore ya yi yawa."

"To ai gansakuka gansakuka ce. Me ya hana ƙyalle kama su?"

Malam ya ɗago daga madubi. Ya ce in kawo masa taliya iri biyu daga kicin, ta shinkafa miƙaƙƙiya da ta leda mai murɗe, duka dafaffu. Na ce, "Yunwa ce ta kawo ka ke nan." Ya ce in dai kawo. Ya gutsuttsura su tsawon yatsa, ya kai mu magudanar da muke wanke kaya, ya tare bakinta da kwandon gora mai manyan idanu.

"Diu, zuba ruwa da bokiti, yadda babanku yake yi."

Na zuba a hankali, ya watsa taliyar. Murɗaɗɗun suka kama juna suka tsaya a kwando. Miƙaƙƙun kuma suna tafe suna juyi, wannan ta lanƙwashe, waccan ta wuntsila, suka iso a gicciye suka maƙale. Biyu kawai suka wuce.

"Khiem, kunna abin alfaharin naka."

Ruwan famfo ya taho da ƙarfi. Murɗaɗɗun dai suka tsaya. Amma miƙaƙƙun, kai! Da suka kusa kwando sai ruwa ya ja su ta tsawo, duk suka juya kai waje ɗaya, suka zurara ta idanun kwandon ɗaya bayan ɗaya kamar zare a kafar allura. Ko ɗaya ba ta saura ba.

Malam ya goge hannu a wandonsa. "Abin nan ba sanda ba ne, ba kuma igiya ba. Ruwa mai sanyin tafiya yana juya shi yana lanƙwasa shi. Ruwa mai gudu zuwa rami kuwa miƙar da shi yake yi. Wata huɗu ke nan kullum kuna kwashe masu kyau kuna shanyawa, kuna mayar da miƙaƙƙun kwami su hayayyafa. Da hannunku kuka tankaɗe su."

Na juya kan Khiem. Ba abin da ban faɗa masa ba ranar. Na ce dama Baba ya san abin da ya haifa. Na ce awa uku ta yi masa yawa, yanzu ga hutu nan har ya gaji da shi. Ya tsaya kamar an dasa shi, ƙato mai shekara arba'in da huɗu. Da ya rama ma da ya fi min sauƙi yanzu.

Can ya ce, "Malam, in na kashe famfon za su koma su murɗe?"

"Ni dai ban taɓa gani ba. Za ka ga ɗaya ta lanƙwashe in ruwa ya tura ta, har ka yi murna. Ruwan na tsayawa za ta miƙe abinta. Kar wannan ya ruɗe ku." Ya kurɓi gahawarsa da ta zama ruwa. "Hanya ɗaya ce. Ku zubar da kwamayen nan duka huɗu, ku kankare, ku wanke da bilic, rana ta gasa su. Sannan ku tayar daga uwa." Sai ya dube ni ta saman tabarau. "Diu, tsakani da ke da hoton can. Wani abu na kwami ya taɓa shiga kwalbar nan?"

Na ce, "Haba Malam! Ni?"

"Tambaya ce. In da shakka ko yaya take, ki ba ni wata ɗaya. Zan riƙa tsamo murɗaɗɗun ɗaya-ɗaya da bakin siririn bututun gilashi, in wanke, in tayar muku da sabuwar uwa mai tsabta. Aiki ne na cin ido, amma yana yiwuwa tun suna da yawa. In babu shakka kuwa, ba sai an ɓata lokaci ba."

"Babu," na ce. "Shekara tara ko ƙuda bai faɗa ciki ba."

To ga abin da ban faɗa ba. A watan uku, ranar tuna rasuwar Baba, mutum talatin muka ciyar. Tun asuba nake kan ƙafa, tukwane sun cinye duk murhun gidan, ga naman alade, ga romon kifi, ga dangi kowa na kiran sunana. Na shigo jera abinci gaban hoton sai na ga ruwan uwa ya ja baya da yatsa uku saboda zafi. Na ji kunya. A ce ranar Baba, baƙi su shigo kunna turare su ga kwalbarsa a haka? Ba tafasasshen ruwa, ba murhun da zan tafasa. Na fita da moɗa na tara a ƙasan ƙyalle. A lokacin ruwan garau yake, na ɗaga shi a rana ban ga komai ba, ga kanwarsa daidai. Moɗa ɗaya. Na zuba, na goge bakin kwalbar, goggonninmu suka yi ta yaba yadda nake kula da ita. A lokacin wata biyu ke nan da fara aikin famfo.

Ina tsaye gaban Malam duk wannan ya dawo min. Amma yanzu na gama wanke Khiem tas a gaban mutum, bakina bai ko bushe ba. Ta ina zan fara? Na ce a raina moɗa ɗaya ce a cikin kwalba mai cin bokiti biyu, me za ta yi?

Malam ya ce duk da haka bari ya duba ɗigo ɗaya. Na ce ba mai taɓa uwa sai ni. Na san halinta sarai. In ta kwana ba a girgiza ba, murɗaɗɗun sukan taso sama su dunƙule kamar kirim a kan madara. Daga tsakiyar wannan dunƙulen na ɗebo, ban girgiza ba. Ya duba, ya yi murmushi, ya ce kowace a murɗe kamar ranar da ya fara ganin su. Ya ce ɗigo ɗaya ba hujja ba ne, amma maganar Diu hujja ce.

Washegari Khiem ya buɗe magudanan kwamayen. Ruwa kore ya malale cikin yashi har bakin hanya, kwana uku unguwa na warin ruɓa. Ya kankare siminti da burushin ƙarfe har hannunsa ya ɗaye. Famfon kuma ya ɗaure a bayan babur ya kai wa wani mai kiwon jatan lande kyauta. Da ya dawo ya yi wanka, ya sa farar riga, ya kunna turare uku ya durƙusa gaban hoton Baba. Ina bakin ƙofa ina jin sa.

"Baba, na yi garaje. Ka faɗa, ban ji ba. Ka yafe min. Ga Yaya ta riƙe amana, da ita za mu tashi."

Na koma kicin na yi ta yanka albasar da ba na buƙata. Sau biyu na ajiye wuƙar da niyyar in je in faɗa, sau biyu na sake ɗauka. Kwamayen sun riga sun tafi, na ce, faɗar me za ta ƙara?

Ranar tayarwa muka ɗauko uwa mu biyu, muka juye ta a ƙaramin kwamin reno. Da ta gangaro ƙasa-ƙasa na ga ruwan gindin kwalbar yana wani sheƙi, layi-layi, yana bin hanyar zubowa. Na kawar da kai. Bayan kwana bakwai, yadda Baba yake yi, Khiem ya wanke kwalbar ya cika ta daga kwamin renon ya mayar gefen hoton. Mayar wa uwa 'yarta, haka muke cewa. Da hannuna na riƙe masa mazurari.

Reno kwana ashirin yake ɗauka kafin ya rufe gindin kwami. Kowace safiya nakan tsoma farin faranti in ga inda zai ɓace. Rana ta tara ya ɓace a tsawon hannu. Ta goma sha ɗaya a rabin hannu. Abinci ya daina shiga min. Ina jin ƙarar filafilan nan, fat, fat, fat, kamar ana ƙirga min wani abu. Malam Luan yana birnin Phan Thiet wajen 'yarsa ana duba masa ƙafa, ba mai sa ido a madubi sai ni, ni kuwa na rufe shi da tawul na ce ƙura.

Rana ta goma sha biyu Khiem ya shigo da gudu, ƙafa duk ruwa.

"Yaya! Fito ki ga ikon uwa! Kwana goma sha biyu! Ko a hannun Baba ba ta taɓa yin haka ba."

Na fita. Kore shar, mai duhu-duhun nan. Na san shi, ai ban manta ba.

"Kawo ƙyalle," in ji shi. "Da bokiti, a hankali, yadda ya kamata. Ke za ki ɗaga na farko."

Ya zuba, na riƙe. Wani abu ya taru, ba laifi, tunda a hankali aka zuba. Amma ba ya dunƙulewa. Na sa yatsa sai ya zame, ya kwanta kamar jiƙaƙƙen gashi. Khiem ma ɗan gidan nan ne, hannunsa ya sani. Murmushin ya tsaya masa a fuska. Ya ɗebi ruwan a murfin kwalba, ya shiga ɗaki, ya yaye tawul ɗin da kansa.

Ya daɗe a sunkuye. Ya canza ɗigo, ya sake canzawa. Ya je ya ɗebo daga uwa, bai ko nemi izinina ba, ya girgiza ta sosai kafin ya ɗiba. Sannan ya matsa min. Ruwan yana gangarawa gefe a ƙarƙashin gilashin, su kuma duk sun juya kai waje ɗaya suna bin sa, ɗaruruwa, a miƙe. Na nemi murɗaɗɗiya ko ɗaya ban gani ba.

Khiem bai dube ni ba. Hoton ya duba. Ya zauna a ƙasa, ya ɗora hannayen nan da suka ɗaye a kan gwiwa, ya ce a hankali, "Ashe bai yafe min ba."

Wannan ce ta karya ni. Zagi zan iya ɗauka, duka ma zan iya, amma ban da wannan.

"Khiem, ba kai ba ne. Ranar Baba, ruwan uwa ya ja baya. Na ɗebo moɗa ɗaya daga ƙasan ƙyalle."

Ya ɗago. "Kin tafasa shi?"

"A'a."

"Kuma kin tuna, ranar da Malam ya tambaye ki?"

"Na tuna."

Na jira ya yi ihu. Na so ya yi. Sai kawai ya ce, "Wata ɗaya fa ya roƙa, Yaya. Wata ɗaya." Ya tashi ya fita, na ji ya kashe fankar kwamin reno. Tun ina budurwa ban taɓa jin gidan nan babu ƙarar filafilai ba sai bana.

Da Malam Luan ya dawo bai yi min faɗa ba, dara ma bai buga ba. Ya ce ana iya sayen iri a wani wuri, kowa ma haka yake yi. Khiem ya ce a saya. Amma na Baba, in ji Malam, in za a samu murɗaɗɗiya ɗaya tak mai rai, ɗaya ta isa a tayar. Ya nuna min yadda ake jan bakin bututun gilashin a wuta har ya yi siriri, ya bar min fitilarsa.

Yau kwana arba'in da ɗaya ke nan ina nema. Sabon iri ya zo daga arewa yana kwami na ɗaya, Khiem ke kula da shi, kwalbarsa tana ɗakinsa a kulle. Yana gaishe ni, yana ajiye min shinkafata a rufe. Bai sake cewa komai a kan maganar ba. Ni kuma da na idar da shara sai in zauna gefen hoton da tsohuwar uwa, ɗigo bayan ɗigo, har ido ya fara yi min yaji.

Jiya da hantsi na ga ɗaya. A gefen gilashin take, ta lanƙwashe, kai ya kusa taɓa wutsiya. Na ƙwala wa Khiem kira, na ji ya yar da bokiti ya taho a guje. Ashe gwiwar hannuna ce ta taɓa tebur, ruwan ya motsa. Kafin ya iso ƙofa ruwan ya tsaya, ina kallon ta ta warware a hankali, ta miƙe ta kwanta cikin 'yan'uwanta.

Ya tsaya a bakin ƙofa yana haki. "Kin samu?"

Na ce, "A'a. Koma aikinka."